Wata goma sha huɗu ina aiki da Linux Mint: ta fi Windows a hannuna, amma na gane me ya sa jama'a ba za su bar Windows ba

Malamin lissafi ne ni a wata makarantar sakandare a Zariya, da yamma kuma ina buga wa ɗaliban manyan makarantu takardunsu na kammala karatu. Duk wannan aiki a kan laftof guda nake yin sa, ta hannu, wadda na saya shekaru da suka wuce: ƙwaƙwalwarta na'urar Intel ce, Core i5 zubi na shida, da RAM gigabait 8. Da labari ya bazu cewa Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai na duba ko tawa za ta ɗauki Windows 11. Ba ta cikin jerin waɗanda za su ɗauke ta, domin sabuwar tana son na'urar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da kuma wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ban ga laifin kowa ba a nan. Windows 10 ta fito tun 2015, shekara goma kuwa ba kwana kaɗan ba ne. Sai dai kwamfutata lafiyarta ƙalau, kuɗin sabuwa kuma babu. Wannan ne ya kai ni ga Linux Mint 22, wani nau'i na Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows.

Saukar da ita ya ci mini data kusan gigabait uku. Na sa ta a fulash, na kunna kwamfutar daga cikinsa, na yi kwana biyu ina gwadawa ba tare da na taɓa abin da ke kan kwamfutar ba. Wannan damar kaɗai ta burge ni, a ce mutum ya ɗanɗana miya kafin a zuba masa. Da na natsu sai na girka ta gaba ɗaya, kuma kafin a kira la'asar an gama.

Abin da na fara lura da shi shi ne sauƙin numfashin kwamfutar. Fankar da ta saba kuka ta yi shiru, buɗewa da rufewa ba jira. Duk abin da ɗan makaranta ko malami yake buƙata yana ciki tun daga farko: LibreOffice na rubutu da jadawali, Firefox na shiga intanet, da abin kallon bidiyo. Ba lasisi, ba lambar sirri da za a saya, ba zuwa shago a ce a ɗora maka kwafin da ba ka san asalinsa ba. Gyare-gyarenta kuma ni nake cewa yanzu ko an jima, wanda ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba ƙaramin abu ba ne. An ce za a ci gaba da kula da wannan zubi har 2029. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa a cikinta, don haka ƙ da ɗ da ɓ ba sa ba ni wahala.

Amma abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne maganar fulash. Duk mai buga wa ɗalibai aiki ya san irin fulash ɗin da suke kawowa, wanda ya zaga shaguna biyar kafin ya iso gare ka, cike da ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar maka inuwarsu. Irin wannan cuta don Windows aka rubuta ta, saboda a nan jama'a suke, ɓarawo kuwa kasuwa yake bi. A kan Linux ba ta motsi. Ina buɗe fulash ɗin in ga fayilolin ɗalibi a fili, in ga cutar a gefe, in share ta. Yara nawa ne suka zo mini ido ya raina fata suna cewa aikin shekara guda ya ɓace, suka koma gida da shi a hannu.

To idan haka ne, me ya hana kowa komawa? Wannan tambaya ita ce muka shafe watanni muna ja-in-ja a kanta a majalisarmu ta bayan isha'i. Akwai wani abokina mai MacBook, wanda kullum maganarsa ita ce sabo turken wawa: mutane sun saba da abu mai rauni, sun ƙi ɗaga kai su ga na kirki. Tasa kwamfutar kam ba a magana. Tun da Apple ya fito da na'urarsa ta M1 a 2020, batirin irin waɗannan kwamfutoci yana kai mutum wuni, abin da duk wanda ya san ɗaukewar wuta zai yi sha'awa. Da farko ina bayansa, har na fi shi zafi. Aikin yau da gobe ne ya sauke ni.

Ranar farko da na kai wani aiki shagon buga takardu, an buɗe shi da Word sai shafuka suka goce, jadawalin babi na huɗu ya tsallaka wani shafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, salon haruffan da ke kwamfutata ba su ne a tasu ba. Na koyi mayar da komai PDF kafin in fita, matsalar ta kau. Sai dai malamin da ke duba aikin ɗalibi ba PDF yake so ba, fayil ɗin Word yake so don ya yi gyara a ciki. Mai zanen katin biki da kalanda da CorelDraw yake aiki, ita kuwa ba a yin ta don Linux, haka ma Photoshop. Akwai Inkscape da GIMP masu yin irin aikinsu a Linux, kuma suna aiki sosai, amma mai injin bugawa fayil ɗin Corel ya sani. Wata tsohuwar firinta da ke ofishinmu ma sai da na yi kwana uku ina bincike kafin ta yarda ta buga, don masu ƙera ta ba su yi mata manhajar Linux ba.

Abin da ya ƙarasa buɗe mini ido shi ne ranar da na je wurin mai gyara saboda madannai biyu sun daina aiki. Yaro ne mai hannu, ya canza su cikin minti kaɗan. Da ya kunna don gwaji ya ga fuskar da bai sani ba, sai ya ɗago ya ce, "Malam, wannan wace irin Windows ce? In ta ba ka matsala gaskiya ba layina ba ne, sai dai in goge in ɗora maka wadda muka sani." Ba ƙyuya ba ce, gaskiyarsa ya faɗa. Shekarunsa na koyon sana'a duk a kan abu ɗaya ya yi su, haka ubangidansa, haka duk layin. Na yi ta tunanin wannan magana a hanya. Mai sayen kwamfuta ba na'ura kaɗai yake saye ba. Yana sayen mai gyaran da ke bakin titi, da maƙwabcin da zai tambaya, da ɗan'uwan da zai ba shi manhaja, da tabbacin cewa fayil ɗinsa zai buɗe a ofishin da zai kai shi. Da ɗan gari akan ci gari, Windows kuwa tana da ɗan gari a kowane lungu. Wanda ya zaɓe ta saboda haka ba wawa ba ne, lissafinsa daidai ne.

Da na koma tarihi sai na ga abin ba yau ya fara ba. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa da kayan da kowa zai iya saya a kasuwa, da manhajar DOS ta Microsoft, kuma yarjejeniyarsu ba ta hana Microsoft sayar wa wasu ba. Nan da nan Compaq da ire-irensa suka fara ƙera masu kama da ita, farashi ya yi ta sauka. Macintosh ta kamfanin Apple ta zo a 1984 da linzami da hotuna a allo lokacin da masu DOS ke rubuta umarni da hannu, amma kuɗinta dala 2,495 ne, kuma kamfani ɗaya ke yin ta. Kwamfutar Amiga ta fito a 1985 da launuka 4,096 da iya gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, abin da ya sha gaban zamaninsa nesa ba kusa ba. Kamfanin Commodore mai ita ya durƙushe a 1994. Masu rubuta manhaja sun bi inda masu saye suka fi yawa, masu saye kuma suka bi inda manhaja ta fi yawa, abin ya yi ta juyawa yana ƙara ƙarfi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji mutanenmu, kuma har yau kusan bakwai cikin kowace kwamfuta goma ta tebur da ta cinya a duniya Windows ce a kanta.

Ko hukuma mai kuɗi da ma'aikata ta sha wannan gwagwarmaya. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutocin ofisoshinsa kusan 15,000 kan Linux, aikin da ya ci kimanin shekara goma, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta muhawara kan ko siyasa ce ko matsalar aiki, amma cikin koke-koken da aka ji har da wahalar musayar takardu da sauran hukumomin da ba su sauya ba. Matsalata da malamin da ke son fayil ɗin Word ke nan, an faɗaɗa ta.

Kada a ɗauka rauni ne ya hana Linux. Manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihunmu, ita ce kuma ke tafiyar da kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya. Inda ta samu shiga da wuri ta mamaye. A kan teburin ofis ne ta tarar an riga an raba gado. Ya kamata kuma in yi wa Windows adalci: ta ɗauki nauyin da sauran ba su ɗauka ba, wato yin aiki a kan dubban nau'o'in na'urori na kamfanoni daban-daban da kuma buɗe manhajojin da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce. Wani ɓangare na nauyin jikinta daga nan yake.

Ni dai ina nan a kan Linux Mint, kuma ba ni da niyyar sauka. Aikin da dole sai Word nakan ƙarasa shi a kwamfutar ofis. A watan jiya abokan aikina biyu suka kawo mini nasu tsofaffin laftof suna so in ɗora musu. Na tambayi kowannensu abin da yake yi da ita. Malamar Turanci ta ce rubuta jarrabawa, shiga intanet, da kallon karatu, sai na ɗora mata, na kuma ce ta kira ni duk lokacin da ta maƙale, tunda yanzu ni ne mai gyaranta. Ɗayan yana zanen katin ɗaurin aure da Corel a ƙarshen mako, da shi yake cika kuɗin cefane. Na ce masa, "Malam, bar taka yadda take, mu nemi hanyar da za ka samu wadda za ta ɗauki Windows 11." Ya fara adashi a kan haka.