Baniya ko maikuromita: wacce mai aikin tagulla zai fara saya?

Wani yaron shagona ne ya miƙo mini wayarsa ranar wata Asabar muna jiran a kawo wuta, ya ce, "Oga, dubi abin da Baturen nan yake yi." Wani dattijo ne a Amurka zaune a gareji, ya ɗauki kwanson harsashi na tagulla yana fere wuyansa da wani ɗan ƙaramin abu kamar mafiƙin fensir. Su can masu gasar harbin nesa sukan sake cika kwanson da suka harba, kuma kafin su cika sai sun tabbatar kaurin wuyan ya zama ɗaya ko'ina, don idan gefe guda ya fi kauri harsashin ba zai zauna a tsakiya ba. Bambancin da suke faɗa da shi kashi ɗaya ne cikin dubu na inci, wato milimita 0.025, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Na ce wa yaron ya cire ransa daga wannan, domin dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida ko a shago a Najeriya, aikin masana'antar tsaro ta DICON ne da ke Kaduna tun 1964. Amma abin da ya riƙe mini ido shi ne ma'aunin da dattijon ya ɗauko ya auna kaurin wuyan. Irinsa nake nema shekara da shekaru don auna bushin tagulla, wato guntun bututun da sandan inji ke juyawa a cikinsa, ban san sunansa ba.

Duk wanda yake fere bushi na injin ban ruwa ko na injin markaɗe a Jos ya san wannan ciwon kai. Ka fere waje ya yi daidai, ka huda ciki ya yi daidai, ka ɗaura, bayan sati biyu manomi ya dawo daga Bukuru yana cewa ya cinye gefe ɗaya. Ramin ne bai zauna a tsakiya ba, bango ɗaya ya fi ɗaya kauri, kuma ma'aunin da ke hannunka bai iya gaya maka ba.

Baniya, wato ma'auni mai baki biyu da ke zamewa a kan sanda su kama abin da ake aunawa, ta gargajiya mai layuka biyu da ake karantawa da ido, ita ce kowa ya fara da ita. Sunanta daga wani Bafaranshe ne, Pierre Vernier, wanda ya fito da dabarar a 1631. Akwai mai karanta milimita 0.05, akwai mai 0.02. Ba ta cin batir, ba ruwanta da mai ko ƙurar hunturu, in ta faɗi ƙasa sau da yawa sai ka ɗauka ka goge ka ci gaba. Aibinta ido take so. Wanda ya haura arba'in, a shagon da kwan fitila ɗaya ne, zai riƙa ganin layi biyu sun haɗu alhali ɗaya ne. Idan za ka saya, nemi ta bakin ƙarfe wadda aka sassaƙa layukanta cikin ƙarfen, ka guji wadda aka buga da fenti, don wata shida fentin ya goge.

Baniya mai batir kuwa ita yara suka fi so, kuma ita ta fi yaudarar mutane. Tana nuna lamba biyu bayan ɗigo, sai mutum ya ɗauka tana auna 0.01 daidai. Nunawa daban, gaskiya daban. Ko masu kyau na kamfanoni irin Mitutoyo na Japan, abin da suke alkawari a takarda kuskuren kusan 0.02 ne sama ko ƙasa. Masu araha kuma sai abin da hali ya yi: danna da ɗan yatsa kaɗan lamba ta canza, sassauta ta sake canzawa. Dalilin yana cikin ƙirarta. Bakin da ke kama aikin yana can gefe, ma'aunin yana can sama, don haka duk ɗan motsin da ke tsakanin sandar da abin da ke zamewa a kanta sai ya ƙaru kafin ya iso baki. Ga kuma batir. Masu araha da yawa ko ka kashe su suna ci gaba da shan batir a cikin akwati, ranar da aiki ya matse ka buɗe ka tarar fuskar ta mutu. Ni yanzu cire batirin nake yi da yamma. In ƙaramin batir take ci, SR44 ya fi LR44 daɗewa ko da girmansu ɗaya. Wanda yake aiki da ruwan sanyaya ƙarfe ya nemi mai alamar IP67, sauran da ruwa ya taɓa su sai lambobi su fara rawa.

Na taɓa sayen wata mai ɗauke da sunan babban kamfani a wani shago, da kwalinta da takardarta, a farashin da ya kamata ya sa na yi shakka. Araha ba ta ado. Jabu ce, kuma jabun wannan suna sun cika kasuwa har a intanet. Tun daga nan ba na zuwa sayen ma'auni sai da sabon boris, wato zoben ƙarfen da sandan inji ke juyawa a kansa, a aljihu. Boris mai lamba 6203 faɗinsa na waje milimita 40 ne, raminsa 17, kuma masana'anta suna yin sa da daidaiton da ya fi na kowace baniya. Ka rufe bakin ka ɗaga ta wajen haske, in ka ga haske yana ratsawa tsakanin haƙoran, ajiye ta. In ta wuce wannan, auna boris ɗin sau biyar, da tsinin baki da kuma can ciki. Mai shago zai ce, "Haba Alhaji, sabuwa ce fa." Ka ce masa ai shi ya sa.

Maikuromita, wato ma'aunin da ake murzawa har ya matse abin da ake aunawa, wata duniya ce. Jean Palmer ya yi rajistar irin ta hannu a Faris a 1848, kamfanin Brown & Sharpe na Amurka ya ɗauke ta ya yaɗa bayan 1867. Dunƙulen cikinta kusa ce mai zare: juyi ɗaya rabin milimita, an raba juyin gida 50, kowane gida 0.01. Abin da ake aunawa yana kan layi ɗaya da kusar, shi ya sa ba ta da waccan matsala ta baniya. A gindinta akwai ɗan abin da ke ƙara ƙas-ƙas-ƙas idan matsi ya isa, domin hannun Oga da hannun yaro su ba da amsa ɗaya. Maikuromitar da ba ta da wannan, ko ta tsaya cak ba ta ƙara, kada ka karɓa ko kyauta ce. Kowace ɗaya milimita 25 kawai take rufewa: 0 zuwa 25, 25 zuwa 50, haka har sama. Daga ta biyu zuwa sama dole ta zo da ɗan sandan gwaji da ƙaramin sifana na saita sifiri. Masu sayar da na hannu sukan ɓatar da sandan, kuma in babu shi ba ka da hanyar sanin inda sifirinta yake sai dai ka koma ga boris. Ga ta 0 zuwa 25, boris mai lamba 608 ya isa gwaji, faɗinsa 22.

Na hannu ba abin gudu ba ne a nan. Tsohuwar maikuromitar kamfanin Starrett ko Moore & Wright da ta fito daga kayan wani tsohon ma'aikacin kuza ta fi sabuwa marar suna, muddin zaren bai yi sako-sako ba kuma fuskokin biyu ba su karce ba. Irinsu sukan ɓullo a Dilimi, a nan Jos, cikin tarkace, sai dai da yawa na inci ne, ka shirya yin lissafi, inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Sai dai maikuromita ta yau da kullum ba ta auna kaurin bangon bututu, kuma nan ne na daɗe ina cutar kaina. Fuskarta shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta ya ɗan haura milimita 6. Cikin bushi kuma lanƙwasasshe ne. In ka zura ta, gefunan fuskar ne ke taɓa tagullar, tsakiyar tana rataye a iska. A bushi mai rami 20, wannan giɓin ya kai rabin milimita. Wato bangon da yake 2.5 sai ta ce maka 3. Baniya ma haka take yi, sai dai nata kuskuren ya fi ƙanƙanta kuma yana canzawa da yadda ka riƙe ta, wanda ya fi muni.

Abin da dattijon nan yake riƙe da shi maikuromitar bututu ce. Gefen da ke shiga ciki an yi shi kamar ƙwallo, ko siririn fegi mai kai zagayayye, don ya taɓa bangon a ɗigo ɗaya tak. Ka auna a wuri huɗu kana juya bushin, nan take za ka ga ko ramin ya kauce. Iri biyu ne, kuma sai ka duba kafin ka yi oda. Mai ƙwallo a jikin firam tana buƙatar rami mai ɗan faɗi kafin ta shiga. Mai fegi a tsaye tana shiga ƙaramin bututu irin na firji da na birki, amma fegin siriri ne, matsi kaɗan ya lanƙwasa shi, ba abin ba yaro sabon shiga ba ne. Yawancin waɗanda ake tallatawa don masu harbi na inci ne, ka tabbata ka zaɓi ta milimita. A shagunan Jos ban cika ganinta ba, oda ake yi daga Legas ko ta intanet. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai ɗan ƙwallon da ake maƙalawa a fuskar maikuromita ta yau da kullum, ka auna ka cire faɗin ƙwallon daga amsar. Yana aiki, in dai ba ka manta da cirewar ba, ni na manta sau biyu.

Wani abu da babu ma'aunin da zai gyara maka shi ne zafi. Duk waɗannan kayan an saita su ne a kan digiri 20. Tagulla, wadda irin ta kwanson harsashi kashi 70 jan ƙarfe ce kashi 30 tutiya, ta fi ƙarfe kumbura. Bushi mai faɗin 50 da ya sauko daga inji da ƙarin zafin digiri 30 ya ƙaru da kusan 0.03. Ka auna shi da zafinsa da rana, gobe da asuba cikin sanyin Disamba na Jos ka tarar ya yi sako-sako a gidansa. Mu a nan mun ma fi na Abuja sa'a, yawancin shekara shagonmu bai yi nisa da digiri 20 ɗin ba. Ajiye aikin ya huce ka sha shayi tukuna.

Da a ce yau zan fara, baniya ta gargajiya mai 0.02 zan fara saya, sai maikuromita 0 zuwa 25 mai kyau ko da ta hannu ce, sai ta bututu, sannan 25 zuwa 50. Mai batir ita ce ta ƙarshe, kuma don saurin duba kaya ne kawai a wurin masu sayar da tagulla. Tawa ta bututu ta iso wata uku da suka wuce. Bushi na farko da na gwada da ita wanda na riga na gama ne na ajiye wa mai shi: gefe ɗaya 2.46, ɗaya gefen 2.58. Na kira shi na ce ya ƙara mini kwana ɗaya.