Babur mai lantarki a zafin Maraɗi: ba hayaƙi, amma batirin ya ba ni takaici

Na sayi babur mai aiki da lantarki ne bayan da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da man kwalba da muka saba saye a bakin hanya ya daina araha. A watannin sanyi ban ga abin kushewa ba. Babu ƙara, babu juyen baƙin mai, kuma ba na cikin masu turnuƙe jama'a da hayaƙi a cunkoson Babbar Kasuwa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, saboda haka a tsakanina da Allah na ji daɗin cewa zirga-zirgata zuwa Tibiri ba ta ƙara wa wannan lissafi komai daga salansa.

Da bazara ta shigo sai labari ya canza. Wutar Maraɗi galibinta daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma a irin ranakun da zafi ke haura digiri 40 kowa ya san yadda ake fama da ɗaukewarta. Dole ta sa na riƙa tayar da janareto don in yi caji, wato ina ƙona fetur a tsakar gidana, iyalina suna shaƙar hayaƙin, domin in ciyar da abin hawan da na saya don in rabu da fetur.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wata rana ina caji da la'asar na ji wari, na taɓa ƙarƙashin kujera na ji zafi kamar murfin tukunya, tun daga ranar kuma babur ɗin bai sake kai ni unguwar Zariya ya dawo da ni ba sai da turi. Mai gyara ya kwance, ya nuna mini batura sun kumbura, ya ce: "Alhaji, ai waɗannan na darma ne, irin mai ruwan asid, ba sa jure zafinmu." Alhali wanda ya sayar mini ya rantse cewa na litiyom ne, wato irin batirin wayar hannu. Da na koma shagonsa sai ya ce zafin gari ba laifinsa ba ne, ya kuma yi mini tayin sababbi a farashin da ya cinye duk abin da na tara na kuɗin mai.

Abin da ya fi damuna shi ne inda matattun baturan za su je. Shagon ya ƙi karɓa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ne kawai suka taya, su kuwa na ga yadda suke yi: a fasa da guduma, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a narka darmar a fili yara suna wasa a gefe. Duk wanda ya tuna yadda gubar darma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a shekarar 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Batirin litiyom da manyan motocin lantarki ke amfani da shi ya fi daɗewa, amma shi ma sai an haƙo ma'adinansa, kuma ƙarfen kobalt da ke cikin da yawa daga irin waɗannan batura mafi yawansa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

Duk da haka ba zan ce fetur ya fi ba. Wani maƙwabcina yana caja nasa da farantin sola, a inuwa, da batirin litiyom na gaske, kuma bai kawo kuka ba. A wurinsa lissafin ya fita, domin rana ba ta yanke mana. Ni ma na fara tunanin bin hanyarsa, sai dai duk lokacin da na tuna rantsuwar mai shagon raina yana ɓaci, musamman da yake garantin da ya yi mini na baki ne, ya ƙi rubutawa a rasit. Mai niyyar saye ya sa a buɗe masa ƙarƙashin kujera ya karanta jikin batirin da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi.