Doom Eternal: daɗi har wuya, sai Marauder ya shigo

Duk wanda ya buga wasan bidiyon Doom na 2016 ya shigo Doom Eternal da wancan hannun, zai sha kashi. Da id Software suka fito da shi a watan Maris na 2020, da gangan suka matse harsashi. Shotgun guda 16 kacal take ɗauka da farko, ko ka inganta ta, 24 ne iyakarta. Komai sai ka ƙwato daga jikin dodanni: ka tsaga ƙarami da zarton inji harsasai su zubo, ka ƙarasa wanda ya jigata yana walƙiya ka samu jini, ka banka musu wuta da Flame Belch sulke ya zubo. Zarton yana cika ma'auni ɗaya na mai da kansa, ƙananan dodannin nan kuwa su ne rumbunka. Idan hannu ya kama wannan juyin, ga ƙugiyar Super Shotgun tana fizgarka zuwa kan dodo, wallahi ban san wasan harbi da ya kai shi daɗi ba.

Sai ka kai ƙarshen matakin ARC Complex ka haɗu da Marauder.

Wannan dodon ya ƙona min rai ƙwarai. Wasan ya koya maka kada ka tsaya, shi kuma sai ka tsaya ka jira shi. Garkuwarsa tana tare kusan komai, har babbar bindigar nan BFG. Ka matso ya sakar maka shotgun, ka yi nisa ya jefo maka wutar gatarinsa. Ka harbi garkuwar ya sako maka kerkeci. Ƙofa ɗaya ce: ka tsaya tsaka-tsaki, idan ya taso zai sare ka idanunsa za su yi kore, a daidai nan ka harbe shi da Super Shotgun. Zai yi tangaɗi, ka sauya zuwa bindigar Ballista ka ƙara masa, ka dawo kan ta farko kafin ya farfaɗo. Sauya bindigar ya fi jiran ta sake ɗuri sauri, shi ya sa dabarar ke ci. Inda ake faɗuwa shi ne gaggawa: ka riga koren idon harbi, harsashi biyu sun tafi a garkuwa.

Shi kaɗai ana iya masa. Matsalar daga baya ce, da suke jefo shi cikin taro. Kana auna tazara tsakaninka da shi, Arachnotron, dodo mai siffar gizo-gizo, na yi maka ruwan wuta ta baya. Ka fara kakkaɓe bindigar da ke saman Arachnotron, ka jefa wa Cacodemon, dodon da ke shawagi, gurneti a baki, ka share manya, ka bar Marauder ƙarshe. Ma'ana kana ta gudun dodo ɗaya har faɗan ya lafa.

Da na so in ce kowa ya saya ido rufe, amma tunda na tuna, ga tsalle-tsallen nan ma. Ka gama faɗa jininka na tafasa, a sa ka hawan bango da lilo a sanduna, ko ka shiga taɓon shunayya da ke hana tsalle da zabura. Mai buga shi da linzami da allon maɓallan kwamfuta, wanda zai ɗora kowace bindiga kan maɓallinta, ya saya. Mai buga shi a PS4 ko Xbox ya fara da matsakaicin matakin wahala, wato Hurt Me Plenty, ya kuma adana ƙarin rayukan da yake tsinta, don Marauder zai cinye su.