Gida Guda Ko Akwatin Ɗaki-Ɗaki: Wanne Ya Fi Dacewa Da Ƙananan Kayan 'Yar Tsana?

'Yar'uwa, kin ce ƙananan kayan ɗakin da kike tarawa sun cika kwali biyu, kujeru da gadaje da tukwane har da 'yan fitilu, wasu tsaraba aka kawo miki, wasu kin yi odarsu. Kina tambaya: ki sayi cikakken gidan 'yar tsana mai bene ki zuba su, ko ki sa kafinta ya yi miki akwatuna, kowane ɗaki da nasa? Ni akwatunan zan ce miki, amma bari in jera miki su biyun ki duba da kanki.

Fara ɗauko tef ɗin awo tukuna, don rabin amsar tana wurinsa. Kayan nan ba a yin su da ka, kowanne da ma'auninsa. Wanda ya fi yawa a hannun masu tarawa shi ne 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. A wannan ma'aunin babban mutum yana zama kamar santimita 14, ƙofar ɗaki kuma wajen 17. Akwai 1:24, wanda shi ne rabin wancan, akwai 1:48, sai kayan Barbie da suke 1:6, su kuma na kamfanin Lundby na Suwidin wajen 1:18 ne. Tunda naki daga wurare daban-daban suka zo, da wuya a ce duk ma'auninsu ɗaya. Cikakken gida ma'auni ɗaya yake karɓa. Kika sa kujerar 1:12 kusa da gadon 1:24, ko yaro ya leƙa zai ce kujera ta fi gado. Akwati kuwa ba ruwansa da maƙwabcinsa: wannan ki yi falo da manyan, wancan ki yi kicin da ƙananan, babu wanda zai tona wa wani asiri.

Ban ce gida ba shi da nasa daɗin ba. Yana da abin da akwati ba zai taɓa ba ki ba: rufi, matakala, baranda, da ƙofar da ke kai mutum daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ki ji kamar da masu gidan a ciki. Gidan 'yar tsana da ya fi shahara shi ne na Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila. Mai zanen gine-gine Sir Edwin Lutyens ne ya zana shi, aka gama a 1924, a ma'aunin 1:12, da wutar lantarki da famfon da ke zubar da ruwa da lif mai hawa da sauka. Amma ki lura, wannan tun daga tushe aka tsara gidan da kayansa tare, aka ba masu sana'a awo suka yi. Ke kuma kayanki sun riga gidan zuwa. In kin saye shi, sai ki tarar da ɗaki shida, kayanki sun cika uku, sauran suna hamma, sai ki shiga sayen abin da ba ki yi niyya ba don kawai ki rufe giɓi. Ga cin wuri: gida mai bene a 1:12 teburi guda yake so shi kaɗai, in kuma ta gaba yake buɗewa, sai kin bar wa ƙofofinsa fili.

Akwatin ma yana da manya a bayansa. Ƙananan ɗakunan da wata Ba'amurkiya, Narcissa Thorne, ta sa aka yi a shekarun 1930, guda 68 daga cikinsu suna gidan adana kayan fasaha na Art Institute a Chicago, kowanne ɗaki ɗaya ne tak a bayan gilashi, a 1:12. Abin da ya kamata ki ɗauka daga gare su shi ne dabarar haske: an ɓoye fitilar, haske yana shigowa ta taga ko ta ƙofar gefe kamar hantsi. Wannan a akwati abu ne mai sauƙi, 'yar fitilar LED mai batir ta isa. A cikakken gida kuwa sai an ja siririyar waya ko tef ɗin tagulla ɗaki-ɗaki a haɗa da taransifoma mai bolt 12, kuma gara a yi wannan kafin a manna takardar bango. In wani wuri ya tsinke daga baya, ɓamɓare ado ne.

Sai maganar ƙura, wadda a wurina ita ce ta yanke hukunci. Kin ce a Kano kike. Da yawa daga gidajen 'yar tsana bayansu a buɗe yake, masu ƙofa ma ba sa rufuwa ruf. Hunturu ɗaya ya isa ki zauna da burushin kwalliya kina share kofin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Akwati ana sa masa gilashi ko farar roba mai garai-garai a gaba, mai zamewa cikin tsagi, a rufe shi ke nan. Tunanin da iyayenmu suka yi ne da suka mayar da jeren kwalla da tangaran cikin kabad mai gilashi. Duk wanda kika zaɓa dai, kada ki ajiye shi inda rana ke dukansa, yadi da takardar bango suna koɗewa, gam kuma yana saki.

In kin je wurin kafinta, ki ce faɗi santimita 30 zuwa 35, tsayi da zurfi wajen 25, don kayan 1:12. Ki nemi filawud mai kyau, ya fi katakon MDF jure laimar damina kuma bai kai shi nauyi ba. Ki sa a yi su girma ɗaya, don in sun yi huɗu ko shida ki ɗora su kan juna, su ba ki kamannin bene ba tare da kin sayi gida ba. Wajen jere, manyan kaya a jikin bango na baya, gajeru a gaba, kuma kada ki cusa komai. Ƙananan tarkace irin su faranti da kwalba ki kafa su da ɗan kakin mannawa mai cirewa, ban da gam mai kamawa dindindin. Ragowar ki raba su a robar ajiye maɓallai mai gida-gida, ki rubuta ma'aunin kowanne a murfi.

In da yara ne za su yi wasa da shi, da gida zan ce, mai kauri, a sa masa kayan roba, naki na tsaraba kuma su hau can saman kanta inda hannu ba ya kai.