50mm ko 85mm: Wanne Mai Canon 2000D Za Ta Fara Saya Don Hoton Biki?

Wata 'yar'uwa daga cikinmu ta kawo tambaya. Tana da Canon 2000D da gilashin 18-55mm da ya zo da ita a kwali. Ta fara samun aikin kamu da wunin biki da hoton amarya a ɗaki, kuɗin hannunta kuma na gilashi ɗaya ne. Shin 50mm f/1.8 za ta saya, ko ta daure ta ƙara tari ta ɗauki 85mm f/1.8? An ce mata hotunan nan da suke burge ta, waɗanda bayan amarya ke narkewa har ba a ganin komai sai ita, da 85mm ake ɗaukar su.

Malama, ki fara da 50mm. Ba wai 85mm ba shi da kyau ba ne, yana da kyau ƙwarai. Dalilin yana cikin kyamarar da ke hannunki da kuma girman ɗakunan da za ki yi aiki a ciki.

Sensar 2000D, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, milimita 22.3 da 14.9, alhali ta manyan kyamarori irin 5D da 6D tana kusan 36 da 24. Duk gilashin da kika ɗaura mata, tsakiyar abin da yake gani kaɗai take kamawa, tamkar an ninka lambarsa sau 1.6. Wato 50mm a hannunki zai ba ki kusan faɗin da 80mm ke ba mai 6D, shi kuwa 85mm ya koma kamar 136mm. Idan mai hoton da ya burge ki a kan babbar sensa ya ɗaura nasa 85mm ɗin, to 50mm a kan taki kyamarar shi ne ya fi kusa da yadda ya tsara hotonsa.

Bari mu auna da mita, don a nan maganar take. Kin juya kyamara a tsaye, kina son amarya tun daga ɗaurin kai har bakin zane, da ɗan sarari sama da ƙasa, a ce tsawon mita 2 ke nan. Da 50mm sai kin ja baya kusan mita 4 da rabi. Da 85mm sai mita 7 da rabi. Idan rabin jiki ne, daga kai zuwa ƙugu, 50mm na neman mita 2, 85mm na neman kusan 3 da rabi. Fuska da kafaɗu kaɗai: mita 1 da 'yan kai da 50mm, kusan mita 2 da 85mm. Ƙawaye biyar a jere, kafaɗa da kafaɗa: mita 6 da na farko, mita 10 da na biyu.

To ki tuno ɗakin da ake shirya amarya. Ɗakin sha biyu-sha biyu bai kai mita 3.7 kowane ɓangare ba. Gado ya ci nasa, ga akwatuna a jikin bango, ga mai kwalliya da fitilarta da jakar kayanta, ga ƙawaye a bakin gado. Idan kika samu mita 2 da rabi tsakaninki da amarya kin yi sa'a. A wannan tazara 50mm zai ba ki rabin jiki cikin walwala. 85mm kuwa fuska da kafaɗu kaɗai zai ba ki, bayanki kuma yana manne da bango, ba ki da wurin gyara tsayuwa. Leshin da aka kashe wa kuɗi, da ɗinkin da aka yi makonni ana jira, duk ba za su shiga hoton ba, kuma su ne abin da uwar amarya za ta fara dubawa.

Ko 50mm ɗin ma ba zai ɗauki cikakken jiki a wannan ɗakin ba. Don haka kada ki sayar da 18-55mm ɗinki don cika kuɗi. A kan 24mm yana ɗaukar mutum a tsaye daga mita 2 da 'yan kai, kuma da shi za ki riƙa yin hoton dangi.

Akwai wani wurin da 50mm ya yi zarra wanda ba a cika ambata ba, wato hoton kusa. EF 50mm f/1.8 STM yana kama saiti (focus), wato ya fito da abu tas, tun daga santimita 35, shi kuwa EF 85mm f/1.8 USM sai daga santimita 85. A matuƙar kusancinsu, 50mm yana cika hoto da abu mai faɗin kusan santimita 11, 85mm kuma sai mai kusan 17. Zanen lalle a bayan hannu, zobe a yatsa, ɗan kunne, aikin zare a wuyan riga, duk 50mm ya fi kawo su kusa.

Yanzu narkewar baya, wadda ita ce ta ja hankalinki. A nan 85mm ya fi, babu gardama, amma ya kamata ki san ta inda ya fi. Idan kika tsara hoto iri ɗaya, rabin jiki, duka a kan f/1.8, zurfin wurin da zai fito tas kusan ɗaya ne: wajen santimita 11, ko kin tsaya a mita 2 da 50mm ko a mita 3.4 da 85mm. Bambancin yana can baya. Ƙofar hasken 85mm a f/1.8 (ƙaramar lambar f na nufin ƙofar ta fi buɗewa) faɗinta kusan milimita 47 ne, ta 50mm kuma kusan 28, saboda haka abin da ke nesa a baya yana narkewa kusan sau 1.7 fiye da na 50mm. Sannan 85mm ƙunci gare shi, ɗan yanki kaɗan na baya yake kwasowa. Igiyar shanya, jarkokin ruwa, kujerun roba da aka tara a gefe, yana barin su waje ba tare da kin ɗaga ko ɗaya ba.

Sai dai duk wannan yana aiki ne idan bayan yana da nisa. Amaryar da ta jingina da bango, babu gilashin da zai narkar da bangon. Ki janyo ta gaba mita 3 ko 4 daga abin da ke bayanta, ke kuma ki matso, ki ɗauki rabin jiki da 50mm a kan f/2. Abin da za ki samu ya fi na mai 85mm da ya bar ta manne da labule.

Za ki kuma ji ana cewa 50mm yana kumbura hanci. Ba gilashin ke yi ba, tazara ce. Duk wanda ya matso ƙasa da mita 1 daga fuska, hanci ya fi kunne kusa da kyamara sosai, sai ya fito da girma. Ki tsaya a mita 1 da rabi, ki yanke hoton daga baya. Kyamararki tana ba da 6000 da 4000, akwai abin yanka.

Inda 85mm ke nuna kansa da gaske shi ne babban zauren taro da fili. Kina can gefe ba ki tsaya a gaban kowa ba, ki kamo amarya tana share hawaye da gefen mayafi, ko hannun goggo tana liƙi. Mutane ba su san ana ɗaukar su ba, fuskokinsu a sake. Matsalarsa ita ce mita 7 ɗin nan da ke tsakaninki da amarya ba za su zauna babu kowa ba, masu ɗauka da waya za su cike su.

Ta wajen haske kunnen doki suka yi, duka f/1.8 ne. Ribar tana tsakaninsu da gilashin da kike da shi yanzu, wanda a kan 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 haske ya ninka kusan sau 10. Hoton da yake tilasta miki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 6400, fatar amarya ta fito da yashi-yashi, za ki ɗauke shi a ISO 800 har da rara. Amma dukansu biyun ba su da abin hana girgiza, kuma dogon gilashi ya fi tona rawar hannu. Wajen saurin shota, da 50mm kada ki sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa, da 85mm kada ki sauka ƙasa da 1/160. Idan ana rawa, 1/250 zuwa sama ga kowannensu.

Wannan bambancin yana da nauyi a ƙarƙashin fitilun zaure. Wutar lantarkinmu a Nijeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, wasu fitilun masu araha kuma suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Idan kika ga hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu, ko launi yana sauyawa alhali ba ki taɓa komai ba, ki mayar da shota 1/100. Da 50mm wannan saurin ya isa ga wanda ke zaune. Da 85mm a 1/100 sai kin jingina da wani abu ko kin kafa kyamara a kan ƙafarta ta tsayawa (tripod).

Da tsakar rana kuma akasin haka ne. Shotar 2000D ta tsaya a 1/4000, alhali f/1.8 a cikin rana tsaka a ISO 100 yana neman kusan 1/8000. Farar shadda za ta ƙone, aikin da ke jikinta ya ɓace, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa wajen gyara. Ki rufe zuwa f/2.8, ko ki shigar da mutane inuwa.

Ga kuskuren da kusan duk wanda ya sayi ɗayansu yake fara yi: barin gilashi a f/1.8 daga safe har dare. A hoton fuska da kafaɗu, zurfin da ke fitowa tas bai wuce santimita 4 ba. Amarya ta ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya yi dishi-dishi. Ko kyamara ta kama bakin mayafi ta bar idon. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya, sai an buɗe a kwamfuta ake gani. Maganinsa, ki daina barin kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta. Ki zaɓi ɗigo ɗaya ki ɗora a kan idon da ya fi kusa da ke. A 2000D ɗigon tsakiya ne ya fi sauran takwas kamawa, musamman a duhu. A zaɓin yanayin saiti, One Shot ga wanda ke tsaye, AI Servo ga mai tahowa. Mutum ɗaya f/2 zuwa f/2.8, ango da amarya f/2.8 zuwa f/3.5 kuma fuskokinsu a layi ɗaya, sahu biyu f/5.6. Bayan kowane hoto mai muhimmanci ki danna maɓallin ƙara girma ki duba gashin ido kafin ki ce an gama.

85mm na Canon yana da wani hali a f/1.8: bakin abu mai ƙyalli yana yin layin shunayya. Sarƙar gwal, duwatsun leshi, farin mayafi a gaban taga, nan yake fitowa. Rufewa zuwa f/2.5 ko f/2.8 yana rage shi sosai, sauran kuma Defringe na manhajar gyaran hoto ta Lightroom yana share shi, musamman idan a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, kika ɗauka. 50mm ma yana yi, amma bai kai haka ba.

A hannu, 50mm STM gram 160 ne, 85mm kuma 425. Na biyun ya fi ƙwari kuma saitinsa ya fi sauri, kuɗinsa ma ya ninka na farko. Wajen sayen 50mm ki karanta rubutun jikinsa. Akwai tsohon, EF 50mm f/1.8 II na 1990, mai gindin roba da ƙara wajen saiti. Ganyen ƙofar haskensa biyar ne, don haka da an ɗan rufe shi fitilun baya sukan fito da kusurwa biyar. STM na 2015 gindinsa ƙarfe ne, ganyensa bakwai, shi za ki nema. Ga 'yan'uwa masu Nikon D3500 ko D5600, ku kula: 50mm f/1.8D ba ya yin saiti da kansa a kan waɗannan, sai f/1.8G.

Idan na hannu za ki saya, ki je da kyamararki da tocila. Ki cire murafu biyun, ki haska ta baya ki leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar saƙar gizo naman gwari ne da danshi ya haifar, hazo-hazo kuma yana kashe kaifin hoto, duka biyun ki ajiye ki tafi. Ki ɗaura shi ki ɗauki rubutun kwali daga mita 2 a f/1.8 sau biyar, kina karkatar da saitin kafin kowane ɗauka. Idan saitin kullum yana faɗawa gaba ko bayan rubutun, ki bar shi, domin 2000D ba ta da wurin gyara wannan a cikinta. Da hunturu kuma, tunda za ki riƙa sauyawa tsakanin gilashi biyu, ki kashe kyamara, ki juya bakinta ƙasa, ki sauya a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba.

Kafin ki fitar da ko sisi, akwai gwajin da gilashinki na yanzu zai yi miki. Ki murɗa shi zuwa ɗan ƙasa da 55, ki naɗe zoben da salatif don kada ya motsa, ki yi kwana bakwai kina ɗaukar 'yan gida a ɗaki, a falo, a tsakar gida. Faɗin da kike gani shi ne na 50mm. Sannan ki ɗauki goma daga cikin hotunan ki yanke tsakiyarsu zuwa kusan 3500 da 2350, wannan shi ne abin da 85mm zai gani daga inda kika tsaya. Ki ƙirga nawa ne kan mutum ko hannunsa ya fita daga hoton, sannan ki duba ko akwai sauran wurin ja da baya a inda kika ɗauke su.