Wuni Guda a Madafar Zanzibar: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Kwana shida muka yi a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ni da maigida, kuma tun kafin jirginmu ya tashi daga Addis Ababa na faɗa masa cewa ni ba ruwana da wankan teku, madafa nake son shiga. Mahaifiyata ta shekara fiye da ashirin tana suyar masa a ƙofar gida, a gindin tanda na tashi, shi ya sa duk garin da na je tukunyarsu nake fara leƙawa. Sai muka yi rajista da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido mai shirya wuni guda kashi uku: cefane a kasuwa, zagayen gonar kayan ƙamshi, sannan girki a gidan wata mata a ƙauye. Kuɗin mutum ɗaya bai kai na kwana guda a masaukinmu ba, har da mota da abincin rana.

Ƙarfe takwas na safe jagoranmu ya zo. Ga mai niyyar zuwa, a kula da lissafin agogon Swahili, domin daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Abin da muke kira ƙarfe takwas su "saa mbili" ne, wato awa ta biyu. Idan an ba ki lokaci, ki tambaya da wane lissafi ake nufi.

Daga Darajani muka fara, babbar kasuwar da ke bakin tsohon gari, wanda ake kira Stone Town. An gina ta a 1904, kuma har yau a nan mutanen gari ke cefane. Rumfar kifi ce ta fi tsayar da ni. Wanda ya saba da busasshen tarwaɗa da karfasa zai sha mamakin kifin da tsawonsa ya kai na yaro ɗan shekara goma, ga kuma pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke dafawa da madarar kwakwa. Mun sayi naman sa, shinkafa, albasa, tumatir, lemun tsami da kwakwa shida. Jagoran ya bar ni na yi ciniki da kaina yana fassara, abin da na ji daɗinsa ƙwarai. Sai dai minti arba'in kacal aka ba kasuwar, alhali ta cancanci awa biyu.

Gonar kayan ƙamshi tana yankin Kizimbani, tafiyar kamar rabin awa a mota. A nan ne ra'ayina ya rabu biyu. Ganin itatuwan da idona ya ƙayatar da ni, babu ja. Kirfa da nake saya a ƙulle ashe ɓawon itace ne, an ɓare mini ɗanye na sansana. Na ga masoro yana hawa jikin bishiya kamar yaɗon wake, na ga kurkum da citta an tono su daga ƙasa. Kanumfari kuwa tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya a tabarma kwana da kwanaki har ya yi duhu. Su "karafuu" suke ce masa, kuma da nasu sunan da namu duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, ƙaranful. Wannan itacen ne ya ɗaga tsibirin a ƙarni na 19, zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mai da fadarsa Zanzibar ya kuma matsa wa masu gonaki su shuka shi. Yanzu mafi yawan kanumfarin ƙasar daga tsibirin Pemba da ke maƙwabtaka da Zanzibar yake fitowa.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne yadda aka mai da zagayen kamar wasan kwaikwayo. Wani yaro ya hau bishiyar kwakwa yana waƙa, wasu suna saƙa mana hula da jaka da ganye ba tare da mun nema ba, ana gamawa kowa ya tsaya yana jiran na goro. Ba na ƙyashin ba su, aikinsu ke nan, amma kamata ya yi kamfanin ya faɗa tun farko don mutum ya tanadi canji. Kayan da ake sayarwa a teburin ƙarshen gonar ma sun fi na Darajani tsada nesa ba kusa ba. Abu na biyu ya fi damuna: an ba mu labarin arzikin kanumfari ba a ambaci bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar Afirka suka noma shi ba. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar, kuma cocin Anglikan da aka gina a wurin yana nan a unguwar Mkunazini. Wanda ya biya kuɗi don ya san tarihin abinci ya cancanci a faɗa masa wannan ma.

Da azahar muka isa gidan da za a yi girkin, kuma daga nan ne na san kuɗina ba su tafi a banza ba. Gidan ƙasa ne mai rufin kwano, madafar a tsakar gida, murhun gawayi biyu da na duwatsu uku. Uwar gidan dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata. An koya mini gaisuwar manya, na ce mata "Shikamoo, Mama," ta amsa da "Marahaba," ta ɗaura mini kanga, wato zanensu, a ƙugu ta nuna mini tabarma. Muka yi sallah tukuna, sannan aka hau aiki.

Darasin farko kwakwa ce. Suna da wata 'yar kujera ta katako mai haƙoran ƙarfe a baki, sunanta mbuzi, wato akuya. A zauna a kai, a riƙe ɓarin kwakwa da hannu biyu a riƙa gogawa, garin yana zuba a kwano. Daga nan Mama ta zuba ruwa kaɗan mai ɗumi ta matse, ta ajiye wannan madarar gefe guda. Ita ce "tui zito," mai kauri. Ta sake zuba ruwa ta matse karo na biyu, aka samu "tui jepesi," mai ruwa-ruwa. Da ta biyun ake dafa abinci tun daga farko. Ta farkon sai an kusa saukewa ake zubawa, a rage wuta, a riƙa juyawa a hankali, in ba haka ba ta tsinke ta zama mai da ruwa. Shekara nawa ina juye madarar gwangwani gaba ɗaya a tukunya ina mamakin me ya sa miyar ke rabuwa, sai ga amsar a wannan tsakar gidan. Da wannan dabarar muka dafa kisamvu, ganyen rogo da aka kirɓa a turmi har ya yi laushi, aka daɗe ana dafa shi kafin a sa madarar.

Pilau ɗinsu ya sha bamban da dafa-dukarmu. Babu tumatir mai yawa, babu jan launi. Albasa ake soyawa har ta yi ja sosai, saura ƙiris ta ƙone, domin ita ce ke ba shinkafar launinta. Sai a zuba kirfa, kanumfari, masoro da iliki, wato kadamon, duk da gudajinsu ba a daka ba, sannan tafarnuwa da citta, romon nama, dankalin Turawa, shinkafa a ƙarshe. Da ruwan ya tsotse, Mama ta kwashe yawancin garwashin ƙasa ta ɗora a kan murfin tukunyar, zafi na sauka daga sama. Shinkafar ta fito warara, kowace ƙwaya da kanta. Aka haɗa da kachumbari, yankakken tumatir da albasa da barkono da ruwan lemun tsami.

Sai ta ɗauko wani kasko mai gurabe, na ji gabana ya faɗi. Tanda ce sak. Ƙullun shinkafa ne da ta jiƙa tun dare ta niƙa, ta sa yis da sukari ta bari ya tashi, suna kiran abin vitumbua. Bambancinsa da masa shi ne da madarar kwakwa ake kwaɓa shi, ana sa iliki, kuma da shayi ko gahawa ake ci, ba da miyar taushe ba. Na roƙe ta ta ba ni tsinken juyawa. Da ta ga yadda nake zuba mai da yadda nake jira gefen ya kama kafin in juya, sai ta kira 'yarta ta zo ta gani. Ta bakin jagoran na ba ta labarin mahaifiyata, na nuna mata hoton masa a waya, ta daɗe tana kallo tana tambaya ko muna sa dafaffiyar shinkafa a ƙullun. Na ce muna sawa. Ta ce za ta gwada.

A faranti ɗaya muka ci, a kan tabarma, da hannu. Maigida, da bai cika son kwakwa a abinci ba, ya nemi ƙarin kisamvu.

Da daddare muka je Forodhani da kanmu, dandalin bakin teku inda ake kasa abinci bayan magariba. Ba ya cikin tsarin da muka biya, amma Mama ce ta ce kada in bar tsibirin ban sha urojo ba. Romo ne mai ruwan ɗorawa da tsamin ɗanyen mangwaro, a ciki akwai dankali, soyayyen rogo, tsire da bajia, wadda ɗanɗanonta ƙosai ne ƙarami. Na bi shi da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Shawarata a can ita ce a tambayi farashi kafin a zuba, a kuma zaɓi abin da aka gasa a gaban ido.

In za a ba da maki cikin biyar, kasuwa huɗu, gona biyu da rabi, madafa biyar cif. Wadda za ta je ta tambayi kamfanin ko za a iya rage lokacin gona a ƙara na girki, ta kuma tabbatar a gidan mutane za a yi shi, ba a otal ba. Ta sa sutura mai rufe jiki, domin galibin mutanen tsibirin Musulmi ne, ta kuma tafi da littafi da biro, saboda Mama ba ta auna komai, da ido da tafin hannu take aiki. Na dawo Kano da mbuzi a cikin akwati, kuma Juma'ar da ta wuce na kai wa mahaifiyata vitumbua na farko da na soya a tandarta.