VFR800 na 2000 da na 2004: uwa ɗaya uba ɗaya, hali kowa da nasa

Duk baƙon da ya iske ni da sassafe ina ɗuma babur a ƙofar gida, tambayarsa ɗaya ce: "Wannan fito da yake yi fa, lafiyarsa ƙalau kuwa?" Lafiyarsa ƙalau. Wannan siririn kukan da ke tashi daga gefen dama na injin, mai ƙara kaifi duk lokacin da na murɗa totur, shi ne ya hana ni rabuwa da babur ɗin har yau. Honda VFR800 ne ƙirar 2000, ja, ɗan Kwatano, shekara bakwai ke nan yana hannuna. Daga baya na ƙara da ƙirar 2004 mai VTEC (tsarin da ke kashe rabin bawul ɗin inji a ƙananan juyi), na haɗa su biyun a gida shekara biyu da rabi, yau in hau wannan gobe in hau wancan, a kan hanyoyi iri ɗaya: Kaduna zuwa Zariya, Kaduna zuwa Kano, wani lokaci Jos ta Saminaka. Kwanan baya kuma wani abokina ya bar mini ƙirar 2014 na yi mako guda da shi. Abin da zan faɗa a nan abin da jikina ya ji ne a kan kujerar.

In a rubuce ne, da kyar za ka raba na 2000 da na 2004. Dukansu inji ne mai silinda huɗu da aka jera kamar harafin V, biyu gaba biyu baya, a kusurwar digiri 90. Girmansa cc 782, faɗin fistin milimita 72, tafiyarsa milimita 48, bawul 16, giya shida, injekta maimakon kafireta. Ƙarfinsu bai wuce na doki 110 ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a yi gardama a kanta ba. Kowannensu zai haura kilomita 200 a awa ba tare da ya yi haki ba, gudun da babu hanyar da ta dace da shi a nan. Saboda haka mai tambayar wanne ya fi gudu, amsarsa gajeriya ce: kusan ɗaya suke. Bambancin yana cikin yadda kowanne ke miƙo maka ƙarfin.

Fiton nan yana da asali. A farkon shekarun 1980 baburan VF na Honda sun yi ƙaurin suna wajen cinyewar kamshaf, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Don kamfanin ya wanke sunansa, sai ya fito da VFR750F a 1986, ya cire sarƙar da ke juya kamshaf ya sa jerin ƙafafun ƙarfe masu haƙora, wannan na cizon wancan tun daga ƙasan inji har sama. Aiki ne mai tsada, irin na baburan tsere. Haƙori ba ya miƙewa kamar sarƙa, ba ya bukatar abin ɗaure shi, lokacin buɗe bawul ba ya gocewa komai tsufa. A kan haka aka tafi har zuwa VFR800 na 1998 zuwa 2001, wanda aka ɗauko tsarin injinsa daga RC45 na tsere, aka mai da haƙoran gefe guda. Shi ya sa kukan ya fi fitowa a kansa. A jerin VFR, su ne na ƙarshe da aka yi da wannan tsari.

A kan hanya ga yadda na 2000 yake. Daga juyi 3,000 a minti ya fara ja, kuma jan ba ya tsinkewa har allura ta kusa jan layi, can sama da 11,000. Babu inda yake yin sanyi, babu inda yake zabura. Gwargwadon murɗawarka gwargwadon abin da zai ba ka. In na fito daga Kawo na miƙi hanyar Zariya, na sa giya ta shida a kilomita 120, allura tana zaune a 5,000 da 'yan kai, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, fiton yana bisa kansa. In tirela ta tare ni, ba sai na sauke giya ba, murɗawa kawai zan yi in wuce. Hannuna na dama ya san abin da zai samu tun kafin ya nema, kuma a tafiyar awa uku wannan natsuwar ta fi mini ƙarin doki goma.

A 2002 aka sake lale. Aka cire haƙoran aka dawo da sarƙa, aka kawo VTEC, domin dokokin hayaƙi da na ƙara sun tsananta a Turai da sauran kasuwanni. Wanda ya san VTEC na motocin Civic da Accord kada ya ɗauka iri ɗaya ne. Na mota yana canza yadda bawul ke buɗewa. Na babur, wanda aka fara sa wa CB400 a 1999, kashe rabin bawul ɗin yake yi gaba ɗaya: a ƙananan juyi kowace silinda da bawul biyu take numfashi, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Da allura ta kai wajen 7,000, sai ƙarfin baƙin mai ya tura wani ɗan ƙaramin fil a cikin kofin da ke kan bawul ɗin da ke barci, kofin ya kama shi, nan take huɗun su fara aiki. Hikimar ita ce iska ta fi shiga da sauri ta ƙofa ɗaya idan injin yana tafiya a hankali, mai ya fi ƙonewa, shan mai ya ragu.

Ranar da na fahimci abin da wannan ke nufi, a Hawan Kibo ne, muna dawowa Jos daga Akwanga. Ina kan na 2004, giya ta uku, na kwanta cikin wata doguwar kwana ta hagu, ina ƙara totur kaɗan-kaɗan kamar yadda na saba da ɗan'uwansa. Allura ta taɓa 7,000. Sai na ji kamar babur ya ɗan ja numfashi, sannan murya ta canza daga gurnani zuwa ruri, ya tura ni gaba a daidai lokacin da nake so komai ya tsaya yadda yake. Taya ba ta zame ba, babur bai girgiza ba, amma sai da na sassauta hannu, da na sassauta kuma allura ta faɗo ƙasa da layin, bawul ɗin suka sake kwanciya. Sau biyu aka yi haka a kwana ɗaya. Da muka tsaya shan shayi a sama, abokin tafiyata ya ce, "Mutumina, ka riƙa shiga kwana ko dai sama da dubu bakwai ko ƙasa da ita sosai, kada ka zauna a bakin ƙofa." Gaskiya ya faɗa, kuma da na bi shawararsa abin ya zo da sauƙi. Sai dai yanzu ina tuƙi ido ɗaya a kan allura, abin da ban taɓa yi a kan na 2000 ba.

In yi wa babur ɗin adalci, wani kaso na kaifin nan daga rashin kula ne. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya daɗe bai daidaita iskar da ke shiga silindojin huɗu a ƙaramin juyi ba, fulogi kuma sun tsufa. Da aka gyara waɗannan sai matakin ya yi laushi, amma bai ɓace ba, don haka aka ƙera shi. Masu hawa da yawa sun yi magana a kai a lokacin, kuma a 2006 kamfanin ya sake saita kwamfutar injin: ya sauko da wurin shigar VTEC da ɗaruruwan juyi kaɗan, ya sa ba ya fita sai allura ta faɗo 6,100. Wannan tazarar tsakanin shiga da fita ita ce maganin shiga-fitan da ya same ni a Hawan Kibo. Duk mai son VTEC, ya nemi na 2006 zuwa sama. Akwai kuma waɗanda rurin nan ne ma yake burge su, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A miƙaƙƙiyar hanya ni ma nakan ji daɗinsa.

Inda na 2004 ya yi wa yayansa fintinkau shi ne ƙafafu. Shokozoban gaba ya fi kauri, milimita 43 maimakon 41, kuma a gargadar da ke tsakanin Pambeguwa da Saminaka ya fi zama daram. Fitilunsa huɗu ne, da daddare sun fi haska hanya nesa ba kusa ba. Tankinsa lita 22, na 2000 lita 21. Dukansu suna kai ni Kano daga Kaduna da sauran mai, ba sai na tsaya wurin 'yan bumburutu ba, wanda dama injekta ba ta ƙaunar mansu. Birkin su biyun haɗaɗɗe ne, wato in ka kama na hannu ana ɗan taɓa na baya, in ka taka na ƙafa ana ɗan taɓa na gaba, amma a na 2004 an rage haɗin, kuma ana samun mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, abin da na 1998 zuwa 2001 ba su da shi sam. A hanyar da akuya ke iya faɗowa kwalta ba sallama, ABS ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da ka biya a kan wannan shi ne nauyi: ya ɗara da 'yan kilo, kuma salansa biyu da aka ɗora ƙarƙashin kujera sun sa nauyin ya hau sama. Mai ɗakina ta ce kujerar baya ta fi ɗumi a kansa, ita ta fi son tsohon.

Zafi kuwa duk kanwar ja ce. Lagireto biyu ne a gefe da gefe, ba a gaba ba, don haka sai babur yana tafiya suke shan iska yadda ya kamata. A cunkoson Kano cikin watan Afrilu na sha ganin ma'auni ya haura digiri 100, fanka na ta aiki, cinyoyina suna gasuwa. Da hanya ta buɗe minti biyu ya sauko. Baburan tafiya ne, ba na zagayen kasuwa ba.

Abin da ya yanke mini hukunci ba a kan kwalta ya faru ba, a gareji ne. Littafin babur ya ce a duba tazarar bawul duk kilomita 24,000. A na 2000, bakanikena ya buɗe, ya zura ma'auni ƙarƙashin kamshaf, ya auna sha shida, ya rufe, kafin la'asar na hau abina. Da lokacin na 2004 ya yi, sai ya tsaya yana kallon injin ya ce, "Yallaɓai, wannan ba aikin yini ɗaya ba ne." Bawul takwas na VTEC ba sa aunuwa haka nan, tunda a kwance suke. Sai an cire kamshaf, a zare kofunan, a sa wasu 'yan ƙananan abin tokare da ke riƙe fil ɗin a kulle, a mai da kamshaf a ɗaure, a auna, a sake cirewa, a zare abin tokaren, sannan a haɗa komai. In aka samu wanda ya goce, ba ɗan siririn ƙarfen da ake sakawa a sauran ake canzawa ba, kofin ne gaba ɗaya, kuma sai an yi odarsa daga waje. Abin tokaren ma sai da muka jira shi mako uku. Na zauna a kan benci ina kallonsa yana jera kofunan a kan kwali, kowanne ya rubuta lambarsa da alli don kada su cakuɗe. Mutum ne mai haƙuri da tsoron Allah, shi ya sa aikin ya yi kyau. Amma bakanike nawa ne a Kaduna za su yi haka? Da yawa za su karɓi kuɗin, su goge murfi, su ce an duba. Ga kuma abin ɗaure sarƙar kamshaf, guda biyu, waɗanda in suka gaji za ka ji ƙaras-ƙaras da safe. Na 2000 ba shi da su balle su gaji.

Na 2014 zan taƙaita, mako guda kawai na yi da shi. Injin dai shi ne, VTEC na nan, amma an lallashe shi har sai ka kasa kunne kafin ka san ya shiga. An mai da lagireto gaba, salansa ta koma ɗaya a gefe, an raba birkin gaba da na baya, an sa na'urar hana taya zamewa, kujera ana ɗaga ta a sauke. Ya fi su duka sauƙin sarrafawa da ƙarancin shan mai. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu a rubuce. VFR1200F na 2010 kuwa, mai cc 1,237 da sandar juya taya maimakon sarƙa, wani gida ne daban, ba na sa shi a wannan layin.

Na sayar da na 2004 ga wani matashi ɗan Zariya da ke yawan tafiyar dare, kuma na gaya masa fitilun da birkin sun fi dacewa da shi. Na haɗa masa da abin tokaren da lambar bakanikena. Wanda zai nemi na 1998 zuwa 2001 ya tuna babur ne da ya haura shekara ashirin. Ya tafi da mai wayarin ya auna cajin batir injin na aiki, ya duba na'urar daidaita wuta da soket ɗinta ko sun yi baƙi, don nan ne masu irinsa suka fi sa ido. Ya duba robobin ruwa da bututun birki, ya tabbata robobin jiki ba a fashe suke ba, don samunsu ya fi samun kayan inji wuya. Sannan ya sa a tayar masa da shi da sanyin safiya, ya durƙusa ta gefen dama ya saurara. Fiton ya fito siriri, sumul, yana hawa yana sauka tare da totur. Nawa ya kusa kilomita 110,000, kuma ranar Asabar in Allah ya kai mu da shi zan tafi Jos.